Kunnen 'Yar Fari

Tunda kin ce nauyin baki ne ya hana ki gaya wa malamar asibiti abin da ke damun ɗanki, to gyara zama, ki ji abin da nauyin baki ya jawo wa wata.

A wani ƙauye an yi wata mata mai tuyar ƙosai, mace mai kunya da kawaici, irin wadda ake nuna wa amare a ce su yi koyi da ita. Tana da 'yar fari, kuma ta riƙe alkunyar 'yar fari yadda ta taso ta ga ana yi: ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ko kallonta ba ta yi in da mutane a wurin. In za ta aike ta sai ta dunguri kafaɗarta, ta nuna mata tulu da baki. Yarinyar tana da shekara biyar ta yi ƙyanda. Ƙyanda ta warke, amma ta bar mata kunne yana zubar da ruwa mai wari. Uwar ta gani tun ranar farko, don ita ke wanke zanen da yarinyar ke kwana a kai, kuma hankalinta ya tashi ƙwarai. Sai ta riƙa jan ta bayan ɗaki inda ba mai gani, ta share kunnen da gashin kaza, ta ɗiga man kaɗanya, ta fito tana kakkaɓe hannu kamar ba abin da ya faru. A ranta cewa take ba ita ya kamata ta ta da maganar ba, ai yarinya tana da kaka a gidan. Ita kuwa kakar, uwar mijinta, idonta ya yi rauni, ba ta ga komai ba. In ta ƙwala wa jikar kira sau uku ba ta waiwayo ba, sai ta ce, "Kunnen ƙashi gare ki, ja'ira, halin ubanki sak!" Uban kuwa, shi ma 'yar farinsa ce, shi ma kawaicin yake yi. Manya uku a gida ɗaya, kowa yana jiran wani ya buɗe baki.

Abin takaicin shi ne maganin bai yi nisa ba. Ɗakin shan magani yana nan bayan kasuwa, ko ƙosai ba zai huce ba kafin ki isa, kuma kowace Laraba malama tana zuwa awon yara. Matar nan ba ta fashin Laraba. Takan goyo ƙanin yarinyar ta kai shi, ta zauna ta zayyana tarinsa da majinarsa da abin da ya ci jiya, ita kuwa 'yar farin tana tsaye a gefe riƙe da katinsa, an ɗaura mata kallabi har ya rufe kunnen. Sau biyu malamar tana tambaya, "Maman yaro, ita wannan fa, lafiyarta ƙalau?" Sau biyun duka matar ta yi niyyar faɗa. Sai ta dubi matan unguwa da suka cika benci, ta tuna gobe za a ce wance ta tsaya gaban jama'a tana rawar jiki a kan 'yar fari, ta kawar da kai ta ce, "Oho mata." Mata suka yi dariya, suka yaba kunyarta. Haka aka yi ta yi har damina biyu, ruwan kunne bai tsaya ba, yarinya kuma ta daina shiga wasan gaɗa, don ba ta jin waƙar.

Da aka sa ta makaranta, malamar ajinsu ce ta lura yarinyar ba ta gane magana sai ta zuba wa bakin mutum ido. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta kama hannunta sai ɗakin shan magani, ta aika a kirawo uwar. Daga can aka tura su babban asibiti a birni. Likita ya haska kunnuwan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama da sauransa, za a tsare shi da magani, a sa mata na'urar ƙara ji, a riƙa zaunar da ita a gaban aji. Ya juya wajen uwar ya ce, "Baiwar Allah, tun yaushe yake zubar da ruwa?" Ta ce tun ƙyanda. Ya ajiye biro ya dube ta, ya ce, "Da a makon farko kika kawo ta, da wataƙila maganin ɗigawa na 'yan kwanaki ya ishe ta. Me ya hana ki?" Ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu ta karɓi takardar magani.

Da suka fito, yarinyar ta yi gaba ta nufi tasha, ga motoci suna ta wucewa. Nan, a tsakiyar mutane, matar ta buɗe baki, karo na farko cikin shekara bakwai, ta ƙwala kira: "Hansatu!" Mai rake ya waiwayo, masu jiran mota suka waiwayo. Yarinyar ba ta waiwayo ba, don kunnen hagun ne a wajen uwar. Sai da ta bi ta da gudu ta kamo kafaɗarta.

To kin ji. Ni ban ce ki zubar da kunyarki ba, amma jibi Laraba ce, ki ɗauki yaron nan ki je ki faɗi abin da kika gani, ko da duk matan garin nan suna kan benci. Ba banza ba Hausawa suka ce, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.