Littafin Gyaran Inji

"Baba, faɗa mini yadda kake gyaran injinan nan, in rubuta wa 'yan koyo," in ji marubucin kamfani. "Ni kuma in sa sunanka a bangon littafin."

Tsohon makaniken ya ce ya yarda.

Duk inda ya ce "ka ɗaure har ka ji a hannunka", sai marubucin ya girgiza kai. "Ɗan koyo ba shi da hannunka, Baba. Juyi nawa?"

Haka suka tace kowane layi har littafin ya fito tas. Manaja ya miƙa wa wani sabon ɗauka littafin, ya bi umarninsa ya gyara wani inji da ya lalace, injin ya tashi nan take. Washegari aka sallami Baba.

Kamfani ya samu makanikai masu arha, marubuci ya samu ƙarin girma. Baba kuwa ya koma gida da sana'ar da yanzu ake rabawa kyauta.