Butar Sarkin Ruwa

Sarkin Ruwa ya cika buta daga gulbi, ya miƙa wa manajan kamfanin jima.

"Ga ruwa, Alhaji. La'asar ta yi."

Shekara huɗu da yin sabuwar jiha, ƙauyen masuntan nan mai gida ashirin ya koma gari. Injin gurzar auduga ya fara zuwa, sai na matsar gyaɗa, sannan majemar da ta zura bututu cikin gulbi. Tun daga nan tsohon yake tsintar tarwaɗa ciki sama, jikokinsa na susa har jini. Da ya yi magana, sai aka ce baƙin ciki yake yi, don 'ya'yan kowa can suke cin abinci. Yau ma manajan ya tara dattawa a bakin ruwa, ya rantse cewa ko jariri ya sha ruwan gulbin, lafiya lau.

Amma tsohon ya daɗe da lura da jarkar ruwan da manajan ke tahowa da ita daga Kaura. Ɗazun nan direbansa ya juye sauran a lagireton mota.

"Ina da alwala, Baba," in ji manajan.

"Ka manta ka kewaya yanzun ga, Alhaji? Kowa ya gani."

Liman ya tsaya, sahu yana jira. Manajan ya dubi butar, ya dubi gulbin da ya cika ya batse. Sai ya durƙusa a gaɓa, ya buga tafukansa a ƙasa, ya yi taimama.