Aikin Jami'a a Saman Soro

"Ba zan sauko ba, Inna!"

Ina saman soro, na ɗaga waya sama. Nan kaɗai sabis ke kamawa a gidanmu, ga shi ana tsakiyar darasi, kowa na tura aikinsa.

"Juwairiyya, awaki sun afka wa gyadar iri!"

"Su cinye! Digiri nake nema!"

Rana ta gasa ni, hannuna ya sage, ban motsa ba. Da aikin ya tafi, na rangaɗa guɗa har da rawa.

Sai muryar malaminmu ta fito: "Juwairiyya, sabuwar manhajar a buɗe take barin makirufo. Mu sittin muna jin ki. Gaishe da Inna."

Na ci kwas ɗin. Gyada kuwa, bana ko ƙwaya ba mu shuka ba.