Lallen Tazara

Tun da aka fito da lallen tazara, mata suka daina shan ƙwayar hana ɗaukar ciki. Muddin jansa yana tafin hannu, ciki ba ya shiga. Likita ya ce Barira ta huta shekara biyu bayan tiyatar haihuwa, shi ya sa duk wata take zuwa asibiti a sa mata.

Yau surukarta, mai yawan zancen ƙarin jika, ta iso da shi a kwaɓe.

"Zauna, 'yar nan, na karɓo miki. Da goyo ina ke ina bin layi?"

"An gode, Inna. Na asibitin ne?"

"To, na ina?"

Barira ta miƙa hannu tana satar kallonta. Na asibiti ba ya ƙamshin komai. Wannan kuwa ƙamshin lallen bikinta yake yi.