Zabuwar Kaka a Fasasshen Tulu

A shekarar da aka yi ƙuri'ar "i" ko "a'a" na mayar wa Kaka, Allah ya jiƙanta, abin da na ɓata mata.

Tana da wani tsiro a fasasshen tulu, mai kaurin ganye da ɗige-ɗige, muna ce masa zabuwa. Daga Yauri mahaifiyarta ta ba ta shi, kuma ruwansa take shafa wa wanda ya ƙone. Don ƙauna na riƙa juye masa ragowar ruwan alwalata sau biyar kullum, har ya ruɓe. Toho ɗaya na tsirar, na binne cikin rairayi bayan rumbu, kunya ta hana ni komawa wajen.

Bayan watanni, wata la'asar na leƙa, na tarar da ganye shida. Na haƙo shi da ƙasarsa, na sa a fasasshen tulun, na ajiye shi gaban Kaka. Ta tsoma yatsa cikin ƙasar, ta ji ta bushe ƙamas.

"Ja'ira, wa ya koya miki renonsa?"

"Ba kowa, Kaka. Ko ruwa ban ba shi ba."

Ta yi dariya har kallabinta ya zame. "Haka yake so, sai ƙasa ta bushe ake ba shi. Tashi, kin biya ni."