Kunnuwan Gidanmu

Hajiya Habibatu na zaune a tsakar gidanta a Gwallaga, 'yarta Ni'ima na zagayawa da ita tsohon dandalin birnin Rum ta bidiyon waya. Sai ga wani gunki fari fat, Turawa sun yi layi suna hoto da shi.

"Matsa kusa," in ji Hajiya. Ta gyara tabarau, ta ƙura masa ido. Kunnuwa fata-fata irin waɗannan, a gidansu kaɗai ake haifarsu. Sai ta tuna da ɗan ƙaninta Mudathir da ya ce ya samu babban aiki a ma'aikatar tarihi a Turai.

"Mudathir, ba ka iya gaisuwa ba ne?"

Gunkin ya durƙusa a hankali, farin fentin da ya shafa a jikinsa yana tsattsagewa. "Ina wuni, Gwaggo. Don Allah kar Baba ya ji."