Kwali Na Biyu

A ido ɗaya aka ce za a cire wa 'yata yana, amma kwali biyu na ga nas ta zaro daga kantar kayan aiki, kowanne da ɗan gilashin da ake dasawa a ido.

Na tare ta. "Baiwar Allah, ɗaya idon ai lafiyarsa ƙalau!"

"Kwantar da hankalinka, Baba. Wannan na ko-ta-kwana ne. In aiki ya zo da gardama, shi likita zai buɗe."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ya koma cikin 'yan'uwansa."

Aka rufe ɗakin tiyata. Na zauna ina kallon kwalayen a jere bisa lambarsu, da giɓi biyu a tsakiya, kamar bakin 'yata lokacin da take famfara.

Da ƙofar ta buɗe, ban dubi fuskar kowa ba, don fuska ta iya lallashi. Hannun nas na duba.

Ta wuce ni, ta mayar da kwalin gurbinsa, ledarsa ko ƙwarzane babu. Giɓi ɗaya ya rage a kantar, ni kuma na san inda abin cikinsa yake.